Masai da Besin na Ƙaramin Banɗaki: Sharhi Bayan Shekara Biyu da Gwada Nau'i Uku

Lokacin da muka gyara gidanmu na gado a cikin birnin Kano, babu abin da ya cinye mini lokaci kamar zaɓen masai da besin. Gidan tsohon gini ne, an yi shi a zamanin da makewayi ɗaya a ƙarshen tsakar gida yake isar kowa da kowa, saboda haka duk banɗakin da muka ƙara sai da muka gutsuro shi daga jikin ɗaki ko daga wani lungu. Da haka muka tashi da banɗakuna uku waɗanda babu mai sakewa a cikinsu: na baƙi kusa da zaure, faɗinsa santimita 90 tsawonsa 130, ba a wanka a ciki, na ɗakin Hajiya mahaifiyata, 120 da 160, har da wurin wanka, sai nawa, 120 da 170. Na zaga shaguna a Ƙofar Ruwa, na kuma leƙa kasuwar kayan gini ta Dei-Dei da tafiya ta kai ni Abuja, kuma saboda kowane mai shago abin da ke gabansa yake yabo, na yanke shawarar sa wa kowane banɗaki nau'in kaya daban. Yanzu an shekara biyu ana amfani da su kullum, kuma ra'ayina a kan kowanne ya zauna.

Awon da ya fi kowanne muhimmanci shi ne wanda masu saye suka fi mantawa da shi, wato nisan da masai yake fitowa daga bango zuwa bakinsa na gaba. Mutum zai tsaya a shago yana duba faɗi da launi da sheƙi, alhali faɗin masai kusan ɗaya ne ko'ina, tsakanin santimita 35 zuwa 38, kuma ba shi ne yake hana gwiwa sakewa ba. Masan zama na yau da kullum mai tanki a bayansa yakan fito santimita 65 zuwa 70. A ƙa'idojin gini na Amurka, mafi ƙarancin filin da ake so a gaban masai inci 21 ne, wato kusan santimita 53, sannan daga tsakiyar masai zuwa bangon gefe inci 15, kusan santimita 38. Waɗannan lambobin ba na jin daɗi ba ne, iyakar da mutum zai zauna ya tashi ba tare da ya bugi bango ba ce kawai. Wanda zai yi tsarki da buta yana bukatar fiye da haka a gefen hannunsa, domin sai an ajiye butar, an ɗauke ta, an karkata jiki. Wani kuskure da na kusa yi shi ne auna ɗakin tun yana bulo tsirara. Filasta da tayil suna cin santimita uku zuwa huɗu daga kowane bango, kuma a ɗakin da faɗinsa bai wuce 120 ba wannan rashi ne da ake ji a jiki.

Akwai kuma abin da babu kundin tallan wani kamfani da zai ambata, amma shi ya tsara mini banɗakin Hajiya tun kafin in sayi komai. Hadisin Abu Ayyub al-Ansari ya hana fuskantar alƙibla ko ba ta baya lokacin biyan bukata, kuma duk da cewa malaman Malikiyya sun sassauta hukuncin a cikin gini, dattawanmu da yawa ba sa samun natsuwa sai masai ya kalli kudu ko arewa. Alƙiblar Kano gabas ce da ɗan karkata zuwa arewa. Hajiya ta ce ba za ta shiga banɗakin da ya kalli gabas ba, magana ta ƙare a nan. Wannan ya tilasta jingina masan da bangon arewa, wanda shi ne dogon bangon, ya fito cikin faɗin santimita 120 maimakon tsawon 160. Da na sa mai fitowar 70, filin da zai rage a gabansa 50 ne kawai, bai ma kai mafi ƙarancin ƙa'ida ba.

Abin da na sa mata shi ne masan zama mai tanki a baya amma gajere, wanda fitowarsa santimita 61 ce, kuma shi ne na fi gamsuwa da shi a cikin ukun, duk da cewa shi ne mafi arha kuma mafi ƙarancin ban sha'awa a ido. Siffarsa ba ta yi nisa da wadda kamfanin Twyford na Ingila ya fara yi da tangaran zalla a shekarun 1880 ba, sunan da har yau masu aikin famfo a nan suke auna sauran masai da shi. An rage tsawonsa ne ta hanyar sirantar da tankin da kuma zagaye mazaunin maimakon miƙar da shi kamar ƙwai. Santimita tara da aka rage sun mayar da filin gaba 59, kuma wanda bai taɓa zama a matsattsen wuri ba zai raina wannan bambanci, amma shi ne tsakanin gwiwar da ke gogar tayil da wadda ba ta gogarsa. Mazaunin ya ɗan yi wa dogon mutum kaɗan. Ƙanena da ya fi ni tsawo ya yi ƙorafin haka da ya gwada. Ga Hajiya kuwa daidai ne, kuma tsayinsa na santimita 42 daga ƙasa ya sauƙaƙa mata tashi, musamman da muka kafa mata mariƙin ƙarfe a bango.

Dalilin da ya sa nake fifita shi ya wuce awo. Komai nasa a fili yake. Ranar da robar cikin tankin ta fara yoyo, wani yaron falamba ya ɗaga murfi ya canja ta cikin minti goma da wadda ya sayo a bakin titi. Ranar da babu wuta, ba a tura ruwa tankin sama ba, ana ɗaga murfin a zuba bokiti, ko a sheƙa ruwan kai tsaye cikin kwamin, ya kore tas. A nan ya kamata mai saye ya san cewa masan zama iri biyu ne ta fuskar yadda yake kora. Akwai irin na Turai wanda nauyin ruwa ne ke tura ƙazanta ta wata faffaɗar hanya mai kusan inci huɗu, akwai kuma irin na Amurka wanda yake zuƙe ta ta siririyar hanya da ba ta fi inci biyu da 'yan kai ba. Na biyun ya fi shiru, kuma ruwan da ke kwance a cikinsa ya fi yawa, amma ya fi saurin toshewa, sannan ba ya son bokiti sai an sheƙa da ƙarfi lokaci guda. A gidan da ruwan famfo ba shi da tabbas, irin na Turai nake ba da shawara ba tare da wata-wata ba. Na Hajiya yana da maɓalli biyu, na lita shida da na lita uku, dabarar da kamfanin Caroma na Ostareliya ya fito da ita a 1980, kuma ga mai sayen ruwa a wurin 'yan garuwa ko mai ƙona mai a janareta don tura ruwa sama, wannan ba ado ba ne.

Besin ɗin da na haɗa masa siriri ne mai rataya a bango, faɗinsa santimita 40, fitowarsa 22, kuma kan famfonsa a gefe yake maimakon a tsakiyar baya. Wannan matsar da kan famfo gefe ita ce dukan hikimar, domin ta bar wa hannu tsawon kwamin gaba ɗaya duk da sirantarsa. Na ƙi mai ƙafa da gangan: ƙafar tana cin filin da bokiti zai zauna, kuma bayanta matattarar datti ce da tsintsiya ba ta kaiwa. Yana isa wanke hannu da goge baki da wanke fuska idan mutum ya yi a hankali. Ba ya isa wanki ko na hula, kuma idan aka buɗe ruwa da ƙarfi rabinsa a ƙasa yake ƙarewa, abin da na magance da ɗan rage makullin da ke ƙarƙashinsa. Na duba besin na kusurwa, mai kama da yankan kankana, kafin in zaɓi wannan. Yana da amfani inda akwai kusurwar da ba kowa, sai dai mai amfani da shi a karkace yake tsayawa, madubi ba ya zama daidai a samansa, kuma a ɗakin Hajiya kusurwar da ta rage ta wanka ce.

Nau'i na biyu shi ne wanda ya fi ɗaukar hankalina a hoto, kuma shi ne baƙi suka fi tambayata a kansa: masai mai besin a saman tankinsa. Tunanin daga Japan ya bazu, inda a gidaje da yawa masai yake da ɗan ɗakinsa daban da wurin wanka, ɗakin da ba ya ɗaukar komai sai masan. Kamfanin TOTO, wanda aka kafa a 1917 a garin da yau ake kira Kitakyushu, yana cikin waɗanda suka daɗe suna yin irinsa, Caroma ma yana da nasa samfurin mai suna Profile. Yadda yake aiki abu ne mai sauƙi: idan an kora, ruwan da zai cika tanki ba ya shiga kai tsaye, sai ya fara fitowa ta wani lanƙwasasshen kan famfo a sama, mutum ya wanke hannu, ruwan ya gangara ta ramin kwamin ya taru a tanki don korar gaba. Ruwan mai tsabta ne, daga bututu ɗaya yake da na kicin, ko da yake sai na sha yi wa baƙi wannan bayani kafin wasu su yarda su miƙa hannu. Kamfanin Roca na Sifaniya ya ɗauki tunanin ya ƙawata shi a 2009 da samfurin W+W, inda besin yake gefen masai a jiki ɗaya, ana tace ruwan wanke hannu kafin ya shiga tanki. Amma faɗinsa ya kai kusan santimita 86, kuma tsadarsa ta masu otal ce, don haka ba shi ne maganin ɗan lungu irin nawa ba. Wanda na saya ba na ɗaya daga cikin waɗannan kamfanoni ba ne, kwaikwayo ne mai sauƙin kuɗi.

A banɗakin baƙi na sa shi, domin da ƙofa mai santimita 70 a bango mai 90 babu inda besin daban zai shiga. Ta fuskar wuri ya cika alƙawarinsa ɗari bisa ɗari, bututu ɗaya ya shiga, ɗaya ya fita, kuma bango uku sun zauna fayau. Ta fuskar amfani kuwa sai da na zauna da shi na ga inda aka yi shi don wasu mutane masu wata al'ada. Kafin hannu ya kai kwamin dole mutum ya ranƙwafa a kan masan, ko ya tsaya a gefensa idan akwai gefen, kuma a faɗin 90 babu. Wanda yake sanye da babbar riga, ko macen da ke da dogon hijabi, sai tufa ta shafi bakin masai, abin da babu mai shirin salla da zai so. Yara ƙanana ba sa kaiwa sam, sai sun durƙusa a kan murfi, kuma murfin farko a haka ya tsage. Ruwan ba ya zuwa sai an kora, saboda haka wanda ya shiga don wanke hannu kawai bayan cin abinci sai ya zubar da lita uku kafin ya samu na wankewa, wato tattalin ruwan da ake tallar kayan da shi ya juye ya zama ɓarna. Kuma da tanki ya cika ruwan ya ɗauke, ko da sabulu a hannu.

Ƙarfin ruwa ma ya shigo cikin lissafin. Yawancin gidajenmu daga tankin roba da ke kan ƙarfe ko kan rufi suke samun ruwa, kuma ƙarfinsa ya dogara ne da tsayin tankin kawai: kowace mita goma ta tsayi ita ke ba da abin da masu aikin famfo ke kira "bar" ɗaya a ma'aunin ƙarfin ruwa, don haka tankin da ke mita huɗu sama da kan famfo bai kai rabin haka ba. A irin wannan yanayi ruwan saman masan siriri yake zubowa, ya daɗe yana zuba, wanda a wani ɓangaren alheri ne tunda ana samun lokacin cuɗa hannu, amma mai jira a waje yakan ji kamar ba za a fito ba. Abin da ya fi damuna shi ne sabulu. Duk kumfar da aka wanke cikin tanki take tafiya, ta haɗu da ɗan yashi da tsatsar ruwan burtsatse, ta zama wani santsi a jikin roba da makulli. Duk wata biyu sai na ɗaga kwamin na wanke cikin tankin, kuma ɗaga shi sai an kula da 'yar tiyon da ke haɗa shi da makullin cikawa. A ƙarshe na sa aka ƙara kan famfo ɗaya a ƙasa, kusan santimita 45 daga tayil, don cika buta, kuma gaskiyar magana ita ce yawancin baƙi da shi suke wanke hannu. Ba zan ce kada a saya ba. A shago ko ofis mai ɗan lungu, inda zaɓin shi ne wannan ko babu wurin wanke hannu kwata-kwata, ya fi babu nesa ba kusa ba. A gidan iyali mai yara da dattawa ba zan maimaita shi ba.

Na uku, wanda na sa wa kaina, shi ne masai mai rataya a bango, tankinsa a ɓoye, babu abin da ake gani sai kwamin da farantin maɓalli. Kamfanin Geberit na Suwizalan ne ya shahara da ɓoyayyen tanki tun daga 1964, kuma firam ɗinsa na ƙarfe mai suna Duofix, mai tsayin santimita 112, an yi shi ya ɗauki nauyin kilo 400, don haka tsoron da mutane ke yi cewa zai ɓalle da mai ƙiba ba shi da tushe matuƙar an kafa shi yadda ya kamata. Grohe na Jamus ma yana da irin wannan firam. Kwamin da ake ratayawa yawanci fitowarsa santimita 54 ce, amma akwai gajeru masu 48, irin waɗanda Duravit da Villeroy & Boch suke yi, kuma wannan lamba ta 48 ce ta ruɗe ni. Na kwatanta ta da 70 na ga ribar santimita 22, na manta cewa tankin bai ɓace ba, wuri kawai ya canja.

Ga yadda lissafin ya kasance a aikace. Tankin ɓoye yana zuwa da kaurin santimita 12, akwai kuma siriri mai 8, sannan gwiwar bututun fita mai inci huɗu ita ma tana neman wurinta a bayan kwamin. Bangon da zan jingina da shi na bulo inci shida ne mai rami a ciki, kuma birkila ya gaya mini gaskiya cewa idan ya sare shi don ya binne tanki, abin da zai rage tsakanina da ɗakin maƙwabta bai fi ɓawon ƙwai ba. Dole aka kafa firam ɗin a gaban bangon aka rufe shi da wani ɗan gini, wanda da tayil ɗinsa ya ci santimita 15. Idan aka tara 15 da 48 an samu 63, wato ya fi gajeren masan Hajiya fitowa da santimita biyu, a kan kuɗin da ya ninka nata sau da yawa. Wanda yake da bangon inci tara, ko wanda yake gini tun daga tushe zai iya barin gurbin tankin a cikin bango, shi ne zai ci ribar wurin da gaske. Duk mai shagon da ya ce maka mai rataya yana rage wuri, ka tambaye shi a wane bango.

Duk da haka ban yi nadama ba, saboda ya ba ni wasu abubuwan da ban saye shi dominsu ba. Ƙasan banɗakin a buɗe yake daga bango zuwa bango, ruwan wanka yana wucewa ta ƙarƙashin kwamin zuwa magudana, kuma babu wannan baƙin zoben da ke taruwa a gindin masai inda siminti ya haɗu da tayil. A banɗakin da ake wanka da tsarki a fili ɗaya, ƙasa kullum a jiƙe, wannan babban abu ne ga tsabta da kuma wari. Ido ma yana ganin ɗakin ya fi yadda yake girma. Ɗan ginin da ya rufe tankin na tsayar da shi a tsayin firam, samansa ya zama kanta ta sabulu da man wanke baki, har ban bukaci wata ba. Tsayin mazaunin kuma ni na zaɓa da kaina kafin a ɗaure ƙafafun firam ɗin, abin da masai mai zama a ƙasa ba ya bayarwa.

Wahalarsa a hannun ma'aikaci take. Falamban da na fara kira ya rantse ya sha kafa irinsa, sai na tarar yana shirin toshe ramin farantin maɓalli da siminti ya bar 'yar kafa, alhali ta wannan ramin kaɗai ake zaro kayan cikin tanki idan sun lalace. Na ce masa, "Malam, idan robar ta mutu ta ina za ka shiga?" Ya ce sai a fasa tayil. A ranar muka rabu lafiya, na nemo wanda ya yi aiki a manyan gine-gine, kuma kuɗin aikinsa ya fi na farkon sosai. Sai kuma batun yashi: makullin cikawa na ɓoyayyen tanki ba ya jure ruwa mai datti, kuma idan ya fara tsiyaya cikin kwamin ba a jin ƙararsa, sai dai a wayi gari tankin sama ya ƙare. Ƙaramar matata da na sa a bututun da ke shigowa ta kawo ƙarshen wannan. Ranar da babu ruwa ba a iya cika tankinsa da bokiti, sai dai a sheƙa cikin kwamin, wanda yake korewa lafiya. Shawarata ga mai son irinsa ita ce kada ya yi tsimi a kan firam da tanki, domin su ne za a binne. Ya sayi na kamfanin da za a samu kayan gyaransa bayan shekara goma, ya kuma duba da kyau, domin a kasuwa akwai kayan da aka buga wa sunan kamfanin da bai san da su ba. Nauyin ƙarfen da kyan walda da takardar bayani a cikin kwali sukan tona asiri.

Ban sa masan tsugunno a ko ɗaya cikin ukun ba, amma zai zama rashin adalci in yi maganar ƙaramin banɗaki in tsallake shi, tunda ta fuskar wuri babu mai kamo shi. A cikin ƙasa yake kwance, tsawonsa bai fi santimita 58 ba, ba ya tare hanya, ƙofa tana iya wucewa ta samansa, tsarki da buta a kansa ya fi sauƙi, kuma bokiti kaɗan yake sha. Shi na sa a makewayin samari da ke tsakar gida. Cikasa biyu ne: gwiwar tsofaffi da masu ciki da marasa lafiya, sai kuma bene, inda dole a ɗaga ƙasan banɗakin da kusan taki guda don gwiwar bututu ta samu wurin zama. Ga gidan da ake yawan baƙi daga ƙauye yana da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba, ita ce wanda bai saba da masan zama ba yakan hau kansa da ƙafa ya tsuguna, kuma tangaran idan ya fashe a ƙarƙashin mutum yankansa ya fi na wuƙa muni.

Akwai ƙananan abubuwa da suka yi tasiri a dukan banɗakunan uku fiye da yadda kuɗinsu ya nuna. Ƙofa ita ce ta farko: a ukun duka na juya ta tana buɗewa waje, kuma wannan kaɗai ya 'yantar da fili fiye da duk santimitocin da na yi ta ciniki a kansu a shago, ban da cewa idan tsoho ya faɗi a ciki ba zai tokare ƙofar da jikinsa ba. Na biyu shi ne sanin ta inda bututun masai zai fita kafin a je kasuwa, ta bango ko ta ƙasa. Mai fita ta bango tsakiyar bakinsa kusan santimita 18 take daga tayil, mai fita ta ƙasa kuwa akwai mai nisan 25 daga bango, akwai mai 30, akwai mai 40, kuma idan ramin da birkila ya bari yana 40 aka sayo gajeren masai, sai a ga an jawo shi gaba an bar rata a bayansa, ribar gajartar ta tafi a banza. Na uku shi ne tarkon wari a ƙarƙashin besin. Masu aikin famfo da yawa sukan sa wannan farar roba mai miƙewa da lanƙwashewa su zura ta kai tsaye cikin bututu, ba tare da gwiwar da ke riƙe ruwa ba, sai iskar sokawe ta riƙa hawowa. A babban banɗaki mai taga ana iya daurewa, a ɗan ƙarami da ke cikin ɗakin kwana ba a iyawa, musamman a watannin Maris da Afrilu lokacin da zafi ke busar da ruwan magudanar ƙasa ma. Tarko mai siffar kwalba shi ya dace da siririn besin, domin ba ya fitowa ya wuce bakinsa.

'Yar tiyon tsarki mai maƙalewa a bango ta rage bukatar wurin ajiye buta a banɗakina, amma tana son ruwa mai ƙarfi, kuma a na Hajiya, wanda ya fi nisa da tanki, ɗigo kawai take yi, har ta ce a cire mata ita a bar mata butarta. Murfin masai mai wanke mutum da kansa, irin Washlet da TOTO ya fito da shi a 1980, na gan shi a wani shago na yaba, na kuma tuna cewa da lantarki yake aiki, na wuce.

Idan aka ce in jera su bisa abin da na gani, gajeren masai mai tanki a fili tare da siririn besin mai famfo a gefe shi ne na ɗaya ga yawancin gidaje, musamman gidan haya da gidan da ruwa ke yankewa. Mai rataya yana biye, ga wanda yake da kaurin bango da ƙwararren ma'aikaci da kuɗin kayan asali, kuma yana sayensa ne don tsabtar ƙasa ba don rage wuri ba. Mai besin a saman tanki shi ne na ƙarshe, kuma na riga na auna bangon zauren: idan aka matsar da ƙofar banɗakin baƙi santimita goma zuwa hagu, aka rage ta zuwa 60, besin irin na Hajiya zai shiga a dama, aikin da na ajiye wa birkila sai bayan damina.